Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwalaben "Maganin Ƙwaƙwalwa"

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a shekarun aikina bayan kantar farmasi a Tawa. Wannan makon zan ajiye labarin kaina gefe, in amsa tambayar da ta fi kowace yawan zuwa bakin kantar nan, domin amsarta ba ta shiga cikin minti biyun da mai saye yake tsayawa.

Iri biyu ne masu tambayar. Da watan Mayu ya kama, zafi ya tsananta, jarrabawar BEPC da BAC ta matso, sai ka ga uwa ta zo: "Ɗana, ba ni maganin kai, yaron nan yana karatu ba ya zama." Na biyu ba shi da lokaci, magidanci ne da ya rage murya: "Malam, Baba ya fara mantuwa, jiya sau uku yana tambayar ko an yi la'asar." Dukansu kwalba ɗaya suke nema. Amsar a taƙaice ita ce, wanda jikinsa bai rasa komai ba, babu ƙwaya ko siro da ake saye ba da takardar lokotoro ba da aka tabbatar yana ƙara masa riƙe abu a kai. Wanda kuwa ya rasa wani abu, sai an gano mene ne kafin a san abin da za a ba shi.

Mu fara da ginkgo, tun da shi ne sarkinsu. Itace ne na ƙasar Sin, ana tatso sinadarin ganyensa, kuma a ƙasashenmu masu aiki da Faransanci an fi saninsa da sunan Tanakan, ƙwaya mai miligiram 40. Ba a bar shi ga zato ba, an gwada shi gwaji mai tsanani. A Amurka an ɗauki tsofaffi fiye da 3,000, masu shekara 75 zuwa sama, aka raba su biyu. Rabi suna shan miligiram 120 safe da yamma, rabi suna shan ƙwayar da ba komai cikinta, ba wanda ya san wacce yake sha. Aka bi su kusan shekara 6. Da sakamako ya fito a 2008, yawan waɗanda ciwon mantuwar tsufa ya kama bai ragu ba a ɓangaren masu shan ginkgo. Faransa ta yi nata gwajin da mutum fiye da 2,800 masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda da bakinsu suka kai ƙarar mantuwa wurin lokotoro, tsawon shekara 5. A 2012 amsa ta fito iri ɗaya. A 2012 ɗin ne kuma asusun lafiya na Faransa ya daina biyan kuɗin Tanakan, saboda amfaninsa bai kai a biya ba. In za a yi adalci, akwai wasu gwaje-gwaje da suka ga ɗan sauƙi kaɗan ga waɗanda ciwon ya riga ya kama, da miligiram 240 a yini. Wannan maganar lokotoro ce da mara lafiyarsa, ba ta ɗan lakwal mai shirin BAC ba.

Kuma "ganye ne" ba ya nufin ba ya cutarwa. Ginkgo yana iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan asfirin kullum ko maganin tsinka jini irin Sintrom. Wanda za a yi wa aiki ana so ya bar shi mako biyu kafin ranar. Mai farfaɗiya ya nisance shi. Tsohon da ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, yana kan asfirin, shi ne kuma wanda ƴaƴansa suka fi saya wa ginkgo. A nan hatsarin yake.

Man kifi, wanda ake rubuta wa omega 3, labarinsa gajere ne: an ba tsofaffi masu lafiya shekaru, ba a ga bambanci a riƙonsu ba. Ƙari a kan haka, mai ne, kuma zafin Afrilu na Tawa da ke wuce digiri 40 yana ɓata shi. In ka fasa ƙwaya ɗaya ka ji ƙarni mai ɗaci, ya lalace. Cin kifin kansa ya fi.

Sai firasetam, wato Nootropyl, wanda aka ƙirƙira a Beljiyam a 1964. Fiye da shekara 50 ke nan, har yau ba a samu hujja mai ƙarfi cewa yana gyara mantuwa ba, kuma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba. Ta ƙoda yake fita, don haka tsohon da ƙodarsa ta yi rauni yakan taru masa a jiki, ya kawo rashin barci da zafin rai. Ampul-ampul ɗin sha da ake saya wa ƴan jarrabawa kuwa, ka buɗe takardar da ke cikin kwalin ka karanta: mafi yawansu na gajiya aka rubuta, ba na ƙwaƙwalwa ba. Mu ne muka sa musu wannan suna.

Waɗanda ake talla a Facebook da WhatsApp, da hoton ƙwaƙwalwa mai walƙiya, su ne suka fi tsada kuma suka fi rashin tushe. Misali ɗaya ya isa. Akwai Prevagen a Amurka, da ake yi da wani furotin na wata halittar teku. A 2017 hukumar kula da ciniki ta ƙasar da jihar New York suka kai kamfanin kotu kan cewa tallarsa ba ta da hujja. Furotin in ya shiga ciki narkewa yake kamar na nama da wake, balle ya kai ƙwaƙwalwa. Dabarar gane irin waɗannan mai sauƙi ce. Duba kwali: in an rubuta "complément alimentaire", ƙarin abinci ne, ba a tilasta wa mai shi ya nuna yana warkar da komai kafin ya sayar ba. Shi ya sa suke rubuta "yana taimakawa", ba sa rubuta "yana warkarwa".

Abu ɗaya ne ya ɗan nuna haske, bitamin mai haɗe-haɗe na kullum. Wani gwaji a Amurka da ya fito a 2022, da mutum fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama, ya ga ɗan bambanci bayan shekara 3. Kaɗan ne ƙwarai, irin wanda sai a takardar gwaji ake gani, kuma bai nuna an hana ciwon mantuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2019, ba ta ba da shawarar shan bitamin B, bitamin E ko man kifi don kare kai daga ciwon mantuwa ba.

To me ya sa mutum zai rantse ya ji canji? Wasu kwalaben akwai kafeyin a ciki, abin da ke cikin goro da shayi da Nescafé. Ido ya buɗe, sai a ce kai ya buɗe. Ita ma mantuwa tana hawa tana sauka, kuma ranar da ta fi tsanani ake zuwa saye, ko ba a sha komai ba gobe za ta ɗan lafa. Yaro kuma da ya ga uwarsa ta kashe jikkuna saboda karatunsa, yakan ƙara zama kan littafi. Zaman ne ya yi aiki.

Yanzu inda ƙwaya take aiki da gaske, wato inda jiki ya rasa abu.

Bitamin B12 a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, babu shi a hatsi ko ganye. Abin da jiki ke buƙata bai kai mikrogiram 3 a yini ba, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa rashinsa yake zuwa a hankali ba a lura ba. Waɗanda ya fi kamawa: tsofaffi, don cikinsu ya rage tsotsewa, mai ciwon sukari da ya daɗe kan metformin, da mai shan omefrazol wata da watanni saboda gyambon ciki. Alamunsa mantuwa, kasala, jin ƙafa kamar ana tsira allura, tafiya da tangaɗi. Magani mikrogiram 1,000 ne, allura ko ƙwaya, bisa tsarin lokotoro, kuma in an kama da wuri mutum yana dawowa. Kuskuren da ake yi shi ne a ba shi ƙwayar folik, wani bitamin na ƙarin jini, ita kaɗai: jini ya gyaru a takarda, jijiya tana ci gaba da lalacewa.

Ƙarancin jini shi ne na ƴan lakwal, musamman ƴan mata da suka fara al'ada da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya sha kayarwa. Yaron da jininsa ya yi ƙasa yana gyangyaɗi a aji, a ce masa daƙiƙi. Awo ɗaya ne, na ƙarfin jini da ake kira emoglobin: in ya gaza giram 12 ga mace, ko 13 ga namiji babba, akwai magana. Ƙwayar ƙarin jini ba ta da tsada, amma ana ɓata ta da shayi. Shayi yana hana ƙarfen shiga jiki, a bar aƙalla awa ɗaya ko biyu tsakani. Bayan gida zai yi baƙi, ba abin tsoro ba ne. Kuma ba a bari don an ji ƙarfi, ana ci gaba kamar wata 3 bayan jini ya dawo, don ma'aji ya cika. A ɓoye kwalin daga ƙananan yara, ƙwayoyin nan da yawa guba ne gare su.

Iyod kuma, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo da nauyin tunani, gishirin girki ne hanyarsa. A sayi mai iyod, a rufe shi, kada a bar shi a rana. Babba mai mantuwa tare da jin sanyi, nauyin jiki da kumburin wuya, a auna masa TSH, awon jinin da ke nuna aikin tiroyid, wato ƙullin da ke gaban wuya.

Kafin a ƙara wata ƙwaya, a fara duba waɗanda ake sha. Wannan shi ne abin da na fi so iyalai su yi: a zuba duk magungunan Baba a leda ɗaya, har da na ƴan tebur da na kasuwa, a kawo farmasi ko likita. Diyazefam yana hana sabon abu zama a kai. Tramol, wanda ya addabi samarinmu, haka. Maganin mura mai sa barci, Phénergan, amitriftilin, da siron ƙiba mai sifroheftadin duk suna dusashe tunanin tsoho. Sau da yawa maganin mantuwa cire ƙwaya ne, amma wanda ya daɗe kan diyazefam ba a yanke masa rana ɗaya, sai a hankali, don yana iya kawo jijjiga.

Bayan leda sai awo. Tansiyo, in yana kai 14 da 9 a kai a kai. Sukari da safe kafin a ci komai, in ya kai giram 1.26 a litar jini. Su biyun suna cin ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa shiru, shekara da shekaru. Sai kunne: tsoho da yawa ba mantawa ya yi ba, tun farko bai ji ba. Sai barci da damuwa, don wanda aka yi wa rasuwa ko bashi ya danne ba ya riƙe magana. Awon tansiyo ana samunsa a CSI, wato ƙaramar likitar unguwa, sauran a babbar likitar Tawa, abin da ya fi ƙarfinta a tura Yamai.

Akwai kuma inda ba a jira. Tsohon da ya kwana lafiya ya tashi a ruɗe, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, likita za a nufa a take. Yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, ko sukari ya faɗi, ko ƙishirwar bazara, ko ciwon fitsari. Wanda kuma ya fara ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara 30 yana bi, ko ya kasa lissafin canji, wannan ya wuce tsufa, lokotoro zai gani. Ko magungunan da ake rubuta wa wannan ciwon sassauci kawai suke yi, ba sa tsayar da shi.

Ɗan jarrabawa fa? Abin da ke zaunar da karatu makarantar allo ta riga kowa saninsa: a karanta kaɗan, a rufe, a kawo da ka, a koma tilawa gobe da jibi da mako mai zuwa. Wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya auna wannan a 1885, ya ga mafi yawan mantuwa a kwanakin farko take, maimaitawa a rarrabe ce ke tare ta. Barci awa 8 ne ke ɗaure abin da aka karanta. Kafeyin kuwa rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa 5, don haka shayin fada na ƙarfe goma na dare shi ne ke cinye karatun yini. Zuma da zabibi da ake ba masu hadda abinci ne mai kyau, ban hana kowa ba, sai dai mai ciwon sukari ya lissafa su, kuma kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan labari daga inda muka tsaya: shekarar da aka mayar da ni gadin dare, da irin takardun magani da ke zuwa bayan ƙarfe biyu.