Kwana biyar na ƙona a kan direban modem, ashe tambaya ɗaya ce ban yi ba

Wallahi har yanzu in na buɗe durowar ofis na ga ɗan koren katin modem ɗin nan sai raina ya sosu. Kwana biyar cur ya ci min, daga Asabar zuwa Laraba, barcin kirki ban samu ba, kuma abin da ya fi min ciwo shi ne da na buga layi ɗaya tal a kan allo, ko na tsaya na karanta sakin layi guda tun ranar farko, da duk wannan wahalar ba ta same ni ba.

Kawuna yana da ɗan ofis a Hamburg, motocin hannu yake turawa Kwatano. Wanda bai zauna Jamus ba zai ɗauka faks ya daɗe da mutuwa, to nan da ransa, likitoci da lauyoyi da ofisoshin gwamnati da yawa har gobe suna amfani da shi, musamman saboda 'yar takardar shaidar aikawa da ke nuna rana da lokaci da yawan shafuka. Injin faks ɗin Kawu ya mutu, ga wata takarda mai sa hannu da dole ta isa wani ofishi kafin Juma'a, su kuma sun ce imel ba ya wadatarwa. Kawu ya ce zai sayi sabon inji, ni na hana shi. Na ce Kawu ku bar kuɗinku, tsohuwar kwamfutar nan da na sa wa Debian, wani nau'in Linux, za ta yi aikin, modem kawai za a ƙara mata, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho. Ya ce to ɗana, ka dai san Juma'a ce. Na ce in sha Allahu kafin Litinin an gama.

Ranar Asabar na je kasuwar gwanjo na samu katin modem na PCI a cikin kwalin tarkace, Yuro 3, an rubuta 56K da kalmar faks ɓaro-ɓaro a jikin ledar. Ban tambayi komai ba na biya. Nan ne kuskuren ya fara, domin ni a tunanina modem modem ne.

Na soka shi, na kunna, lspci, umarnin da ke lissafo katunan cikin kwamfuta, ya gan shi sarai a matsayin na'urar sadarwa, amma dmesg, mai nuna saƙonnin tsarin, bai nuna wata sabuwar ƙofar ttyS da ake magana da modem ta cikinta ba, shirin neman modem na wvdialconf ya zagaya ƙofofi duka ya dawo ya ce bai ga modem ba. Sai da na yi bincike na gane irin wanda ake kira winmodem ne na kwaso. Wato shi ba cikakken modem ba ne, kusan katin sauti ne da aka maƙala wa ramin wayar tarho, duk aikin juya bayanai zuwa ƙara da fassara umarnin AT, wato yaren da ake ba modem umarni da shi, kwamfutar ce ke yi ta cikin direba, shirin da ke sarrafa na'urar. An yi su ne a ƙarshen shekarun 1990 don a rage kuɗi, kamfanoni irin su Lucent da Conexant da Smart Link duk sun fitar da irinsu, kuma yawanci direban Windows kaɗai ake ba ka. In babu direba, abin da ke hannunka guntun allo ne kawai.

A daidai wannan gaɓar ya kamata in cire katin in nemi wani. Ban cire ba. Na riga na yi wa Kawu alƙawari, kuma akwai wannan taurin kan na masu Linux, ka ga abu ya ƙi sai ka ce sai na ga bayansa.

Na sauko da scanModem, tsohon ɗan shirin nan na mutanen linmodems masu neman winmodem ya yi aiki a Linux, ya rubuta min rahoto a ModemData.txt ya faɗi irin cip ɗin da direban da ya dace. Na samo direban. Matsalar ita ce rabinsa a rufe yake, wani dunƙulen fayil da ba a ga cikinsa, sai ɗan abin da ke naɗe shi wanda za ka haɗa da kanel ɗinka, wato zuciyar Linux, kuma an rubuta shi ne tun zamanin kanel 2.6. Na sa kayan haɗa direba, build-essential da linux-headers, na buga make don a haɗa shi, kurakurai suka zubo kamar ruwan Agusta. In na gyara ɗaya biyu su fito, sunayen da direban ke nema a cikin kanel an sauya su ko an cire su shekaru da suka wuce. Lahadi da Litinin duk a nan suka tafi, ina liƙa facin da mutane suka rubuta tun tuni, kowanne na wani kanel ne daban ba nawa ba. Sau biyu kwamfutar ta sandare gaba ɗaya sai da na danne maɓallin wuta.

Ranar Talata na ce to tunda direba ya ƙi zuwa wurina ni bari in je wurinsa. Na ɗauko wani tsohon faifan ajiya na kwamfuta, na sa masa wani Linux ɗin, Ubuntu 8.04 mai 32-bit, na shekarar 2008, mai kanel 2.6.24, sai da na karkatar da shi zuwa old-releases, rumbun tsofaffin Ubuntu, kafin ya yarda ya sauko da komai. A nan direban ya hau lafiya lau. /dev/modem ya bayyana. Na buɗe minicom, shirin magana da modem kai tsaye, na buga ATZ, ya ce OK. Na buga ATDT da lambar wayata, sai ga waya tana ruri a aljihuna, ƙarfe ɗaya na dare! Irin daɗin da na ji ba ya faɗuwa, har na tura wa Kawu saƙo na ce an gama.

Ba a gama ba. Laraba da safe na sa efax, shirin aika faks, na ba shi shafi ɗaya na gwaji, ya tsaya tun kafin ya buga lamba. Na sauya saituna, na zargi kebul, na zargi layi, na sake haɗa direban daga farko, yini guda. Sai da dare, bayan isha'i, na koma minicom na buga abin da ya kamata ya zama tambayata ta farko, AT+FCLASS=? wadda ke sa modem ya lissafo nau'o'in aikin da ya iya, 0 bayanai ne, 1 da 2 da 2.0 su ne faks. Babu faks a amsar. Na buga AT+FCLASS=1, ya ce ERROR. Na koma na karanta bayanin direban a tsanake, ga shi nan a rubuce ƙarara, na kyauta an taƙaita gudunsa zuwa 14.4K kuma babu faks a ciki, sai ka sayi lasisi. Ba su ɓoye ba, ni ne idona ke kan maɓallin saukewa. Na zauna ina kallon ERROR ɗin nan, ga Juma'a saura kwana ɗaya a tsakani, ga saƙon da na riga na tura wa Kawu. Ko da na sayi lasisin ma, ofis zai dogara ne da tsarin 2008 da aka daina yi wa gyaran tsaro, abin da ba zan yarda da shi ba a kwamfutar da ke riƙe da takardun mutane.

Alhamis da sassafe na faɗa wa Kawu gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai ɗana in ba zai yiwu ba ka faɗa min kafin azahar in kai da ƙafata. Wannan maganar ta fi min faɗa zafi.

Na samu wani mutum yana sayar da modem na USB na hannu, Yuro 20, wannan karon kafin in hau jirgin ƙasa sai da na tabbatar mai ƙwaƙwalwar kansa ne, domin a na USB ɗin ma akwai winmodem, siffar waje ba ta nuna komai. Na dawo na mayar da Debian ɗina, na soka shi, dmesg ya rubuto cdc_acm, ttyACM0: USB ACM device. Shi ke nan, direban yana cikin kanel tun asali. Daƙiƙa biyu, abin da na yi kwana biyar ina nema. Kafin in taɓa komai na buga AT+FCLASS=? kuma ga 1 a jerin. Tsofaffin modem na waje masu kebul ɗin siriyal su ma haka suke, ba su buƙatar direba na musamman, da irinsu na nema a gwanjon da tuni na huta.

Sauran matsalolin ƙanana ne, cikin awa biyu na share su. Sai da na sa sunana a rukunin dialout, na masu izinin amfani da modem, na fita na sake shiga kafin ƙofar ta buɗu min. ModemManager, shirin da ke kula da modem na salula, yana ta leƙa ttyACM0 yana tura nasa umarnin, na tsayar da shi tunda kwamfutar ba ta amfani da layin salula. Filogin tarho na Jamus, TAE, yana da ramin F na tarho da ramin N na faks da modem, kebul ɗin da ya zo da shi bai dace ba sai na ciro na mataccen injin.

Wadda ta ɗan tayar min da hankali ita ce ta ƙarshe. Modem ya buga, na ji ƙarar nan ta 1100 Hz yana kira, ɗaya ɓangaren ya amsa da tasa ta 2100 Hz, suka gaisa, sai shafi ya kai rabi layi ya yanke. Sau uku. Dalili shi ne layin ofis ɗin ba tsohon layin tarho ba ne, ta rauta yake bi ya hau intanet kamar kusan duk layukan Jamus yanzu, shi kuma faks ba ya jure ɓacewar ko ɗan guntun sauti, balle a Class 1, wato nau'in faks na 1 ɗin nan, inda kwamfuta ce ke riƙe da lokacin musayar. A saitin efax-gtk akwai jerin lambobi 1,5,0,2,0,0,0,0, ta biyun ita ce gudu, 5 na nufin 14400, na mayar da ita 3 wato 9600. Shafi ya ɗan ƙara daɗewa amma ya wuce cif.

Ƙarfe huɗu saura na yammar Alhamis shafuka shida suka tafi. Na buga waya ofishin, matar da ta ɗauka ta ce sun iso kuma sa hannun ya fito. Na fitar da rahoton aikawa a firinta na miƙa wa Kawu, ya duba kwanan wata, ya ninke ya sa a fayil, ya ce Allah ya yi albarka. Hannuna har rawa yake, ban sani ba ko yunwa ce ko sauƙin da ya sauko min.

Tun daga ranar mutum biyu sun tambaye ni yadda za su yi faks a Linux, kowanne kafin ya gama bayani nake tsayar da shi in ce ya soka modem ɗin ya karanto min abin da dmesg ya ce, sannan ya buga AT+FCLASS=? ya turo min amsar. Ɗayansu nasa ya nuna ttyACM0 da 1 a jerin, cikin rabin awa muka gama ta waya. Ɗayan kuwa kati ne irin nawa sak, ya ce shi dai zai gwada haɗa direban tukuna, na roƙe shi har sau uku ya bari.