Zamana a Babbar Kotun Tarayya

Na raka ƙanina lauya Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, na samu wuri a bencin baya. Alƙali ɗaya ne tal a kan kujera, yana rubuta bayanan shaida da hannunsa, lauyoyi na dakatawa har ya ɗago kai. Wallahi natsuwar wurin ta shige ni.

A hanya ƙanin nawa ya ba ni tarihinta. A 1973, zamanin Janar Gowon, aka kafa ta a Legas domin shari'o'in kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Tsarin mulkin 1979 ya ba ta sunanta na yanzu. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 kuwa ya keɓe mata batutuwan kwastam, harajin tarayya, jiragen ruwa da na sama, ma'adinai da miyagun ƙwayoyi. Shi ya sa rikicin gado ko na gona ba ya zuwa nan.

Babban alƙalinta yana Abuja, rassa na jihohi, wanda hukunci bai gamsar da shi ba ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Jama'a, yawancin zamanta a buɗe yake ga kowa. Ina so matasanmu su riƙa leƙawa suna saurare.