Tanadin gida kafin wata annobar ta rufe hanya

A watan Maris na 2020 Kamaru ta rufe iyakokinta saboda korona, aka hana taron da ya wuce mutum 50, aka umarci gidajen abinci su rufe da ƙarfe shida na yamma. Mutanen Kusseri, garin da ke iyaka da Chadi, sun ji a jika, domin cinikinsu da yawa yana bin gadar Ngueli zuwa Njamena ne. A lokacin kuma ga iyakar Najeriya a rufe tun Agustan 2019.

'Yan'uwa, tanadi ya fi fargaba amfani, kuma hatsi ne kan gaba. A sayi gero ko masakwa bayan girbinsu, lokacin da suke araha a kasuwannin Marwa da Garwa. A shanya sosai: idan aka ciza ƙwaya ta fashe da ƙara, ta bushe. Mai danshi kuwa fumfuna za ta cinye shi. Wake sai a buhun PICS, wato buhu mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Huji ɗaya ya isa ƙwari su farfaɗo, don haka a ɗora buhun kan katako, nesa da ɓera.

Masu hawan jini da ciwon suga su riƙe maganin wata guda a hannu, kada a jira ya ƙare.

Ruwan javel, na kashe ƙwayoyin cuta, shi ma ana yawan kuskure da shi. Idan kwalbar ta nuna 2.6%, kofi ɗaya ake zubawa cikin kofi huɗu na ruwa don goge ƙofa da bandaki. A haɗa sabo kullum, domin zafi da rana suna kashe ƙarfinsa. Wannan haɗin yana cin fata. Hannu dai sabulu da ruwa, na daƙiƙa 20.