Yadda ake samun √2 a layin lambobi ba tare da kame-kame ba

Ƙannena 'yan sakandare, idan aka ce ku nuna √2 (lambar da sau kanta ke ba da 2) a kan layin lambobi, kada ku fara da kalkuleta. Ni da ita na fara. Ta ba ni 1.414, na ɗauki rula na ɗiga tabo kusa da 1.4, ina ganin na gama, malam kuwa ya ja mini jan biro. Kuma da gaskiyarsa. 1.4 sau 1.4 yana ba da 1.96, 1.414 sau kansa kuma 1.999396. Duk yawan lambobin da ka jera bayan ɗigo ba za ka dira kan 2 cif ba, domin √2 ba ta rubutuwa a matsayin wata cikakkiyar lamba bisa wata. Shi ya sa ake zana ta da kamfas.

A kan 1 ka ta da layi a tsaye, kusurwarsa digiri 90, tsawonsa daidai da tazarar 0 zuwa 1. Ka haɗa ƙarshensa da 0, ka sami alwatika. Ƙa'idar Pythagoras ta ce a alwatika mai kusurwa digiri 90, in ka yi kowane gajeren gefe sau kansa ka tara, za ka sami dogon gefe sau kansa. A nan 1² + 1² = 2, don haka dogon gefen nan shi ne √2. Kafa tsinin kamfas a kan 0, buɗe shi har bakin fensir ya taɓa ƙarshen dogon gefen, ka juyo da shi ƙasa. Inda ya yanke layin lambobi, nan ne gidan √2.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ma'auni. Nakan bar santimita 2 tsakanin 0 da 1 don zane ya fito sarari, sai in ta da layin tsaye na santimita 1, wai ai "ɗaya" aka ce. Amsata takan faɗo wajen 1.12. Ɗayan da ke tsaye dole ya zama ɗayan da ke kwance, kuma da kamfas ɗin ya fi kyau a kwafe shi. Wani lokaci kuma in kafa tsini a kan 1 maimakon 0, in tsinci kaina a 2.41. Ku riƙa ɗaure kusar kamfas ma, sako-sakon kamfas yakan buɗe ana cikin juyawa.

√5 mai sauƙi ce: 2 a kwance, 1 a tsaye. √10 kuwa 3 da 1, √13 kuma 3 da 2. Amma √3 ba ta samuwa haka, sai ka ta da layi mai tsawon 1, kusurwarsa digiri 90, a ƙarshen gefen √2 da ka riga ka zana, ka haɗa shi da 0. In ka ci gaba da ɗorawa, zanen zai nannaɗe kamar bayan dodon koɗi, abin da ake kira da sunan Theodorus, masanin lissafi na garin Cyrene da ke Libiya ta yau. Ga √7 akwai yanke: 4² − 3² = 7, wato ka sa dogon gefe 4, ɗaya gefen 3, na ukun shi ne amsarka. Bayan ka gama zane sai ka latsa kalkuleta ka duba ko tabon ya faɗa kusa da 2.65.