Daga Hamadar Arizona Zuwa Minnesota: Mun Dawo Daga Cin Rani

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da an gama girbi an cika rumbu yakan naɗe tabarmarsa ya nufi Kano cin rani, ba ma sake ganinsa sai hadari ya fara haɗowa. Shi na riƙa tunawa a ranar da na tayar da motarmu mai ɗaki a Quartzsite na juya kanta gida. Shi neman kuɗi ke fitar da shi, ni kuwa gwiwoyina. Tun da na ajiye aikin tuƙin bas a Minneapolis sanyin Janairu ya daina yi mini da sauƙi, sanyin da yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Shekara uku ke nan ni da Hajiya muna bin sahun tsofaffin da Amurkawa ke kira tsuntsayen ƙanƙara, mu gangara kudu a Nuwamba, mu hauro a Afrilu.

Quartzsite ƙaramin gari ne a yammacin Arizona, mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba, amma a hunturu sai ka ga fararen motoci iya ganinka. Muna sauka a La Posa, filin gwamnatin tarayya da ake yankar takardar zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Babu wutar lantarki, sai faifan sola da ke kan rufi. Ruwa ma sai an je an ɗebo, kuma Hajiya ta fi ni iya tattalinsa, don ta tashi a gidan da ake sayen ruwan garwa.

Kafin mu tashi na sake zuwa kabarin Alhaji Ali, kamar yadda nake yi kowace shekara. A 1856 sojojin Amurka suka kawo shi daga ƙasashen Daular Usmaniyya tare da raƙuma, don su gwada ko raƙumi zai iya yi musu dakon kaya a wannan hamada. Sunansa ya gagari bakinsu, suka mayar da shi Hai Joli. Yaƙin basasa ya zo ya shashantar da shirin, shi kuwa ya zauna har ya rasu a wannan gari a 1902. A 1935 aka gina masa dala ta duwatsu, aka ɗora raƙumin ƙarfe a bisa. Masu yawon buɗe ido sukan ɗauki hoto su wuce. Ni nakan tsaya in yi masa addu'a, domin na san abin da ake nufi da mutum ya zo aiki ƙasar wasu, a sauya masa suna, shekaru su ja, hanyar komawa ta yi nisa. Duk lokacin da na bar wurin zuciyata takan yi nauyi.

Shirin tafiya yini guda yake ci. A zubar da tankin bayi da na ruwan wanke-wanke a inda aka tanada, a duba iskar tayoyi shida, a rufe tukunyar gas, a ɗaure duk abin da zai iya faɗowa. Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Kanada, ya riga mu tashi da mako biyu, don ƙa'idar kwanakin zamansu a Amurka ba ta wuce kusan wata shida ba. Ya bar mana kujerunsa biyu.

Tafiyar ta kai kilomita 3,000, mun raba ta kwana bakwai. Hanya mai lamba 10 ta kai mu Phoenix, daga nan muka kama ta 17, wadda take haurawa da mu har Flagstaff, sama da mita 2,000 bisa teku. Da safe muna cikin zafi da dogayen ƙayoyin hamada, da la'asar muna tsakanin itatuwan fayin, ga ƙanƙara fari fat a kan duwatsu. A nan bututun ruwanmu ya daskare ya fashe a shekarar farko, muka kwana muna tsane ƙasa da tawul. Yanzu kafin mu hau sai na zubar da ruwan bututu gaba ɗaya, na ɗura maganin hana daskarewa mai launin ruwan hoda, mu koma alwala da jarka da buta.

Abin da na fi tsoro a hanya ta 40, wadda muke kamawa daga Flagstaff, shi ne iska. Daga Albuquerque zuwa Amarillo fili ne fetal, babu abin da ke tare ta, motar kuwa doguwa ce mai faɗin jiki kamar bango. Tirela ta wuce ka, sai ka ji an ture ka gefe. Na yi shekara ashirin da biyu ina tuƙa bas, amma ranar da muka shiga Texas hannayena biyu ba su bar sitiyari ba. Hajiya ta ce, "Alhaji, mu tsaya haka nan, gida ba gudu zai yi ba." Muka tsaya, muka yi yini guda cur a wurin ajiye motoci, tana dafa mana shinkafa da wake, ƙura tana dukan taga kamar ta hunturun Katsina. Sallah kuwa ƙasaru muke yi, mu haɗa Azahar da La'asar, mu fuskanci arewa maso gabas.

A Oklahoma muka karya arewa muka kama ta 35, kunnenmu na kan rediyo saboda lokacin guguwa ne. Cikin tuddan Flint na Kansas muka tarar da makiyaya suna ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro wa shanu. Warin hayaƙin nan ya shigo ta taga, muka yi shiru mu biyu. Can Hajiya ta ce, "Ka ji kamar ana sharar gona a Malumfashi." Iowa gonaki ne baƙaƙe da ba a shuka ba tukuna, mun wuce ta da sauri.

Da muka tsallaka iyakar Minnesota na lura bakina ya ce "Alhamdu lillahi, mun iso gida" ban shirya faɗa ba. Shekaru da yawa in na ce gida, Katsina nake nufi, kuma har gobe can ne asalina. Amma a nan 'ya'yana suke, a nan likitana yake, a nan wani mahauci Basomale yake ajiye mini ƙafar akuya ba sai na tambaya ba. Tafkuna sun fara narkewa daga baki-baki, bishiyoyi ba ganye, sanyin kuwa har yanzu yana cizo.

Ina ƙoƙarin shigar da motar gefen gida da baya, sai ga jikata 'yar shekara biyar ta fito a guje, ko takalmi babu. Na kashe injin na sauko da ƙyar, gwiwa ta sage. Ta ƙanƙame ni ta ce, "Kaka, ka kawo mini dutsen?" Na ce, "Amaryata, yana aljihu tun Arizona." Na ciro mata farin dutsen da na tsinta kusa da kabarin Alhaji Ali, ta ɗaga shi sama tana duba rana ta cikinsa.