Amfilifayar hedifon: ƙarama ko babbar yayarta?

Sana'ata a nan Birnin Kebbi gyaran sauti ce: tallar rediyo, karatun malamai da aka naɗa a masallaci, jefi-jefi waƙar biki. Rabin yinina hedifon na kaina. Da kunnena ya gaji da jak ɗin laftof, sai na shiga neman amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa hedifon ƙarfi, na tarar kusan kowane kamfani yana da iri biyu, ta gama-gari da wadda aka ce an inganta. JDS Labs sun fito da Atom a 2018 a kan dala 99, daga baya suka kawo Atom+. Topping suna da L30 da L30 II. Wani lokaci sabuwar maye gurbin tsohuwar take yi, wani lokaci a jera su tare a ce ka zaɓa. Wadda na sa wa ido, ratar kuɗin da ke tsakanin biyun ta kai ta buhun shinkafa, ga dala a lokacin kullum tana hawa.

Wani abokin aikina da ya girme ni yana da babbar, wato wadda aka inganta. Da na je masa da maganar sai ya ce, "Ƙanena, mi kake jira? Tunda za ka saya, sayi mai gaba ɗaya ka huta." Na ce, "Yaya, bari dai in fara duba hedifon ɗina tukun."

A nan maganar take. Amfilifaya ba ita ke da sauti ba, aikinta ta ba hedifon wutar da yake buƙata ba tare da ta ɓata abin da aka turo mata ba. Kowane hedifon kuwa da nasa cin wutar, ana kuma duba om ɗinsa, wato ma'aunin yadda yake turje wa wuta. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ne, Sony MDR-7506 om 63, waɗannan ko waya tana iya ɗaga su. Sennheiser HD 600 om 300 ne, shi kam in ka sa shi a laftof za ka ƙure murfin ƙara kana neman ƙari. Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa da om 32, da 80, da 250. Nawa mai 80 ne, na Yaya mai 250. Kenan tun daga nan buƙatarmu ta rabu.

Babban abin da ake tallata ingantacciyar da shi ƙarfi ne. Amma lissafin sauti ba kamar na kuɗi ba ne. In ka ninka ƙarfin amfilifaya, daga wat 1 zuwa wat 2, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti. Kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako suna sauraro a desibel 80. Ni da nake wuni da abu a kunne, ƙarfin da ba zan taɓa buɗewa ba me zan yi da shi?

Sai mafitar balans, wani ramin jona hedifon na daban, mai jak milimita 4.4 ko XLR. Tana ba da ƙarin ƙarfi, gaskiya ne, amma sai wayar hedifon ɗinka ta dace da ita. Wayar DT 770 Pro ɗina a manne take, ba a cire ta, sai dai a kai wa mai gyara ya farke. Lambar da na fi damuwa da ita ma ba a cika rubuta ta da manyan baƙaƙe ba, wato om na mafitar amfilifayar kanta. Masu harkar suna so kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, in ba haka ba bes, wato sautin nan mai kauri, yana iya kumbura ya yaudare ka wurin gyara. Na duba, duka biyun ƙasa da om 1 suke.

Duk da haka na so kunnena ya yi hukunci. Na aro ƙaramar wurin wani mai situdiyo, muka haɗa ta da ta Yaya. Muka sa sautin gwaji na kilohaz 1, muka daidaita wutar da kowace ke fitarwa da mita, don kunne maha'inci ne, wadda ta ɗan fi ƙara ita zai ce ta fi daɗi. Na juya baya, yaron shagonsa yana sauya jak. A hedifon ɗina ban iya raba su ba. A nasa, in an sa naɗin da aka ɗauka da rauni, irin na malamin da ya yi nisa da makirfo, ƙaramar tana kusa da ƙurewa, babbar kuwa da sauran numfashinta. Yaya bai yi asarar kuɗinsa ba. Ni dai ba hedifon ɗinsa gare ni ba.

Ƙaramar na saya, ragowar kuɗin na zuba a wuta, wadda ita ce ainihin ciwon kanmu. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifaya irin su Atom da Schiit Magni suna zuwa da adafta mai taransfoma a ciki, ba irin cajar laftof mai karɓar kowace wuta ba. In ɗan'uwanka zai taho maka da ita daga can, ka jaddada masa mai 230, don ta 120 tana shiga soket ɗinmu za ka ji ƙauri. Na ƙara da stabilaiza, na kuma mayar da teburin aikina kan inbatar sola mai ba da tsabtatacciyar wuta, saboda ƙaramin janareto da inbata mai araha suna sa wani zuuu a kunne wanda tsadar amfilifaya ba ta maganinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba na ɗora komai a kanta. Da hunturu kuma ina rufe ta da ƙyalle in na tashi, don ƙura na shiga murfin ƙara ya fara ƙaraf-ƙaraf in ana murzawa.