Wata huɗu ina zargin kamfanin intanet, ashe ƙofar ɗakina ce

Sana'ata haɗa bidiyon biki. Masu ɗaukar hoto su je wurin kamu, ɗaurin aure da dina, su kwashe abin da suka ɗauka su ɗora a Google Drive, ni kuma in sauke a kwamfutar teburina a gida, in yanke, in jera, in sa sauti, in miƙa wa masu biki. Bikin kwana uku yana iya kai wa gigabayit 40 ko fiye. Saboda haka ne da wayar intanet ta faiba ta iso unguwarmu a nan Kano na sa aka ja min, na zaɓi tsarin megabit 200. Kuɗin kan ɗan yi min nauyi a ƙarshen wata, amma na lissafa cewa lokacin da zan rage zai biya.

Rautar, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, tana falo, ɗakin aikina kuma yana can ƙarshen gida, kusa da zaure. Ban yarda da Wi-Fi wajen aiki mai nauyi ba, don haka na sa wani yaro mai gyaran lantarki ya ja min waya daga rauta zuwa kwamfutar, tsawon kamar mita 18, ta bi jikin bango ta shiga ta gefen ƙofa. A makonnin farko komai lafiya lau. Daga baya na fara lura cewa aikin da nake saukewa kafin in gama cin abinci, yanzu sai in ci, in yi sallah, in dawo yana nan yana ja.

Lambar gudun saukewa da nake gani a Chrome ba ta wuce 11. Na biya kuɗin 200, ana ba ni 11. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kira kamfanin da zafi. Wadda ta ɗauka ta yi min bayani cikin haƙuri, amma fushi bai bar ni na saurara ba. Sai da ƙanena, wanda ke karatun kwamfuta a jami'a, ya zo hutun ƙarshen mako ya leƙa allon ya ce, "Yaya, ai ma'aunin biyu ne. Su da megabit suke sayar maka, shi kuma Chrome da megabayit yake ƙirga. Bit takwas ne bayit ɗaya." Ya ɗauki biro ya rubuta min a bayan ambulan: Mbps da ƙaramin b, MB/s da babban B. In ka raba 200 gida takwas, 25 za ka samu. Wato mafi yawan abin da zan taɓa gani a Chrome bai wuce 25 ba, kuma 11 ɗin da nake gani daidai take da kusan megabit 90.

Wannan ya sanyaya min zuciya kaɗan, amma bai warware matsalar ba. Rabin abin da na biya nake samu. Gigabayit 40 a kan 11 kusan awa guda ke nan, alhali da cikakken gudu bai kamata ya wuce rabin awa ba. Wanda wutar lantarki ba ta yi masa gardama zai ga rabin awa ba wani abu ba ne. Ni da nake aiki a kan inbata, ina kallon batir yana sauka, ga uwar amarya tana bugo waya tana tambayar yaushe za a ga bidiyo, na san darajar rabin awa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wayar hannuna. In na tsaya a falo kusa da rauta na buɗe Speedtest, manhajar gwada gudun intanet, sai ta ba ni 180, wani lokaci 190. In koma kan kwamfutar da aka ja wa waya daga rauta, wadda kowa ya san ita ya kamata ta fi sauri, sai ta ba ni 94. Na gwada fast.com, kusan haka. Da asuba 94, da azahar 94, da tsakar dare 94.

A nan ne na yi ta ɓata lokaci, kuma zan faɗi abubuwan da na yi don kada wani ya bi sahuna. Na kashe rauta na kunna ba adadi. Na cire manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta na mayar. Na canza DNS zuwa 8.8.8.8 saboda na ga ana ta ba da wannan shawara, ba tare da na fahimci cewa aikin DNS nemo adireshin shafi ne kawai ba. Da zarar fayil ya fara sauka, ba ruwansa da gudun. Na buɗe Task Manager na duba ko akwai abin da ke shan intanet a ɓoye, na kashe tsarin nan na Windows da ke raba sabuntawa da wasu kwamfutoci. Wannan binciken yana da kyau a yi shi, domin sau da yawa nan ɓarawon yake, amma ni ban kama kowa ba. Har na fara kwashe fayilolina zuwa wani faifai da niyyar goge Windows gaba ɗaya in sa sabo.

Akwai kuma wani tunani da ya zauna min a kai. Tun watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gabar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice aka yi kwanaki ana fama, mun saba da cewa duk wani jinkiri daga can nesa yake zuwa. Ko teku, ko kamfani, ko masu haƙa titi sun tsinke faiba. Galibi ma gaskiya ne. Shi ya sa ko sau ɗaya bai zo min a rai in tuhumi abin da ke cikin gidana ba.

A kira na uku kamfanin ya turo ma'aikaci. Bai yi dogon magana ba. Ya fito da laftof ɗinsa da wata gajeriyar waya da ba ta kai mita biyu ba, ya zare tawa daga bayan rauta, ya soka tasa a ramin da na cire, ya gwada. 192. Ya juyo min da allon ya ce, "Ranka ya daɗe, namu ya iso har nan lafiya. Daga nan zuwa ɗakinka ne abin yake." Na ji nauyin yadda na yi wa abokiyar aikinsa magana a waya, na kuma roƙe shi ya isar mata da ban haƙurina.

Da daddare na kira ƙanena na ba shi labari. Da na ce masa 94 ce kullum ba ta motsi, sai ya katse ni. "Yaya, ka ce 94? Buɗe Settings, ka shiga Network & Internet, ka danna Ethernet, ka karanta min abin da ke gaban Link speed." Na karanta: 100/100. Ya ce, "Shi ke nan, mun kama shi."

Bayanin da ya yi min shi ne dalilin wannan rubutu, domin da na san shi tun farko da minti biyar ya ishe ni. Duk lokacin da ka soka waya, katin intanet na kwamfuta da rauta sukan yi ciniki a tsakaninsu kan gudun da za su yi magana da shi: 10, 100 ko 1000. Babu 150, babu 300. A yawancin na'urorin gida, matakala ce mai hawa uku. A cikin wayar akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowace da abokiyarta fara mai ratsi. Gudun 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, wato ruwan lemo da kore. Gudun 1000 kuwa sai duka takwas ɗin sun cika. In guda ɗaya tak ta tsinke a cikin shuɗi ko ruwan ƙasa, intanet ba zai ɗauke ba. Na'urorin biyu za su gwada 1000, su ga ba ta yiwu ba, su sauko 100 shiru, ba tare da wani gargaɗi ya fito maka a allo ba. Kana nan kana hawa Facebook, kana kallon YouTube, komai na aiki, amma an rufe maka rabin famfo.

Ita kuma 94 ɗin, ba haka kawai take fitowa ba. Duk ƙunshin bayanin da ke bi ta waya yana ɗauke da adireshi da alamomin tantancewa, waɗanda ke cin kusan kashi biyar zuwa shida cikin ɗari na hanyar. Don haka hanya mai 100 takan ba ka 94 ko 95 a gwaji, mai 1000 kuma wajen 940. Idan jinkirin daga kamfani ne, ko daga cunkoson masu amfani, lambar kan yi ta hawa da sauka, ta faɗi bayan magariba lokacin da kowa ya dawo gida, ta miƙe da asuba. Lambar da ta tsaya cak a wuri ɗaya dare da rana, kuma a ƙasa da 100 kaɗan, rufi ce ta buga, kuma rufin yana kusa da kai.

Kafin mu tabbatar waya ce, sai da muka kawar da sauran abubuwan da kan jawo haka. Akwai rautoci da yawa masu araha waɗanda ramukansu na 100 ne tun daga masana'anta. In ka ga an rubuta 10/100 ko Fast Ethernet a kwali, ko wace irin waya ka sa ba za ka wuce nan ba. Tawa ba haka take ba, tunda ma'aikacin ya samu 192 a rami ɗaya da nawa. Katin kwamfutar ma an rubuta masa GbE a Device Manager, wato na 1000 ne. Na shiga wurin Speed & Duplex na tilasta masa 1000 da hannu, sai haɗin ya ɗauke ɗungurungum. Na mayar da shi Auto Negotiation, ya dawo 100. Shawarata kada kowa ya bar wannan saitin a wani wuri ban da Auto. Tilastawa ba ta ɗinke wayar da ta tsinke.

Washegari na je titin Beirut na sayo testar waya, ƙaramar na'ura mai gida biyu da fitilu takwas a jere, tare da filayar matse kai da kawuna RJ45 guda goma. Na sa gida ɗaya a falo, ɗaya a ɗaki. Fitilu suka fara bi ɗaya bayan ɗaya: 1, 2, 3, 4, 5, 6, sai ta tsallake 7, ta haska 8. Ta bakwai ita ce fara mai ratsin ruwan ƙasa. Na zaci kan ne bai matsu da kyau ba, domin nan matsala ta fi yawan zama. Na yanke kawunan biyu na sake sababbi, ina bin jerin launukan a hankali. Na lalata uku kafin hannuna ya faɗa. Na sake gwadawa, ta bakwai dai ba ta kama ba.

Sai na bi wayar da yatsa tun daga falo, taku-taku. A bakin ɗakin aikina, inda ta kurɗa tsakanin ƙofar ƙarfe da gininta, na ji ta baje kamar an taka ta da mota. Kullum in na rufe ƙofa saboda ƙurar hunturu ko hayaniyar yara, ƙarfen yana danne ta. Daga waje robar ba ta ko fashe ba. Da na tsaga wurin da reza, sai ga siririyar wayar ta rabu biyu.

Na kuma ga wani abin da ban zata ba. Bakin inda ta karye fari ne sal, ba ja ba. Na kankare wata da wuƙa, sai jan ya fita kamar fenti, farin ƙarfe ya bayyana. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, irin wadda ake kira CCA. An buga mata Cat6, wato matakin ingancin waya, a jiki da manyan baƙaƙe, amma ƙa'idar Cat5e da Cat6 jan ƙarfe zalla ta tanada. Alminiyam ba ya jure lanƙwasa, yana saurin karyewa, kuma bai kai jan ƙarfe isar da saƙo ba. Ba na ganin laifin yaron da ya ja min wayar; abin da ya samu a kasuwa ya sayo, kuma ni ne na ce masa ya nemo mai sauƙin kuɗi. Amma abin yana ci min rai, domin irin wannan waya ta cika shaguna, kuma mai saye ba shi da yadda zai gane sai ya kankare. Yanzu in zan sayi waya, nakan ce a yanko min ɗan guntu in gwada a gaban mai shago. Nauyin naɗin ma yana nunawa, na jan ƙarfe ya fi nauyi a hannu sosai.

Na sayo mita 20 na Cat6 na gaske. Cat5e ma da ta wadatar, tana ɗaukar 1000 har tsawon mita 100, amma bambancin kuɗin a ɗan wannan tsawon bai taka kara ya karya ba. Wannan karon na kira magini ya huda bango sama da ƙofa, muka zura bututun roba, wayar ta bi ta ciki, nesa da ƙarfe da haƙoran ɓera. Muka kuma raba ta da wayar wuta da ke zuwa daga inbata, maimakon ɗaure su tare kamar da. Testa ta haska takwas cif. Na soka, na buɗe Settings: 1000/1000. Speedtest ya ba ni 191.

Ba zan ce komai ya zama daidai ba. Har yanzu tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare gudun kan sauka, wani lokacin zuwa 120, wani lokacin ƙasa da haka, kuma wannan ba daga ɗakina yake ba. Akwai kuma ranakun da Speedtest zai nuna 190 amma fayil ɗin da nake ja yana tafiyar hawainiya, saboda inda yake fitowa ne ke da cunkoso. Bambancin shi ne yanzu na san inda zan fara dubawa. In abu ya yi nauyi, Link speed nake fara buɗewa, sannan in ɗauki gajeriyar wayar da na ajiye musamman a aljihun tebur in gwada a jikin rauta, kafin in taɓa lambar kowa.

Daren Asabar da ta wuce aka turo min bikin wata amarya daga Zariya, gigabayit 43. Na danna saukewa na tafi masallaci sallar isha'i, na ɗan tsaya gaisawa da maƙwabta a ƙofar gida. Da na shigo ya gama, batirin inbata bai ko sauka daga layin sama ba. Na fara yankan kamu a daren.